Tarihin Zango Ko Littafin Launin Fata: Da Wanne Za Mu Fara?

 

Kwamitin ilimi na ƙungiyarmu ya yanke cewa zaman karatun daren Lahadi, wanda za a buɗe bayan Babbar Sallah, bana zai ɗauki littafi guda wanda ba na fiƙihu ko nahawu ba, a yi wata uku a kansa. Littattafai biyu ne suka kai gaban kwamiti. Malaman makarantar boko da ke cikinmu, da goyon bayan dattawan kasuwar goro, sun kawo littafin tarihi mai suna Caravans of Kola, wato Ayarin Goro, na Paul Lovejoy. Ɗalibanmu da suka dawo daga karatu a ƙasashen Larabawa kuma sun kawo Mi'irajus Su'ud na Shehu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ke magana a kan bauta da baƙar fata. An nemi mu duba su duka biyun mu faɗi abin da muka gani.

Mu faɗi matsayinmu tun yanzu, don kada mu ja ku da nisa: tarihi za a fara. Ba don littafin Shehu ya gaza ba. A wajenmu ma shi ne mafi girman daraja cikin biyun. Dalili shi ne akwai littafin da ba a shigarsa sai da guzuri, kuma guzurin wannan littafi tarihi ne.

Littafin Shehu Ahmad Baba

An haifi Ahmad Baba a shekarar 1556, a gidan Aƙit, gidan alƙalai da malaman Tumbutu. Bayan rundunar Maroko ta karya daular Songhai a 1591, an kama shi tare da manyan danginsa, aka tafi da su Marrakesh a 1594. Sai a 1608 ya samu komawa gida, ya rasu a 1627. Ɗaliban Malikiyya sun san shi da Nailul Ibtihaj, littafinsa na tarihin malaman mazhaba. Kun ga ke nan, mutum ne da ya ɗanɗana yadda ake tsallake hamada da mutum ba da son ransa ba.

A 1615 ya amsa tambayoyin da suka zo masa daga Tuwat, wani zangon fatake da ke cikin Aljeriya ta yau. Masu tambaya suna sayen bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata, suna son su san wanne ya halatta su mallaka. Cikin tambayoyin har da tatsuniyar nan da ta yaɗu, wai Annabi Nuhu (AS) ya yi wa ɗansa Hamu baki, sai zuriyarsa ta yi baƙi ta zama bayin sauran mutane.

Amsar Shehu tana da ginshiƙai uku. Na ɗaya, launi ba shi ne sababin bauta a shari'a ba. A wannan babi baƙi da fari hukuncinsu ɗaya. Na biyu, tatsuniyar Hamu ba ta da tushen da za a gina hukunci a kai, ya kuma jingina da Ibn Khaldun, wanda ya mayar da bambancin launi ga yanayin ƙasa da zafin rana. Na uku, mutanen da suka musulunta da kansu 'ya'ya ne, babu mai ikon mallakarsu, kuma idan wanda aka kawo kasuwa ya ce shi daga ƙasar Musulmi yake, mai riƙe da shi ne zai kawo hujja. Ya lissafa Barno da Kano da Katsina da Songhai da Mali cikin ƙasashen Musulunci. Bai kuma ɓoye laifin gida ba: ya koka cewa sarakunan Musulmi su ma suna kai wa juna hari, su kama 'ya'ya su sayar.

Wallahi wannan aiki ne na malami mai tsoron Allah. Larabcinsa a miƙe yake, hujjojinsa a jere, ɗalibin da ya sauke Risala zai iya binsa. An buga shi da Larabci tare da fassarar Turanci a Rabat a shekarar 2000, aikin John Hunwick da Fatima Harrak. Mun kuma fahimci abin da ya sa samarinmu suka riƙe shi da hannu biyu. Wanda ya je neman ilimi wata ƙasa, yaro ya kira shi bawa a bakin titi don kawai fatarsa, ko 'yar uwarmu da ta je aikatau ta dawo da labarin wulaƙanci, in ya ji cewa shekara ɗari huɗu da suka wuce wani malami na wannan yanki ya riga ya ba da amsa da harshen shari'a, dole zuciyarsa ta yi sanyi.

To amma littafin bai tsaya a nan ba. Da yake masu tambaya suna son a bambance musu ƙasa da ƙasa, Shehu ya kawo jeri na biyu, na al'ummun da a saninsa ba su musulunta ba a lokacin, waɗanda fatawar ba ta ba su kariya ba. A cikin jerin akwai Moshi da Gurma da Busa da Bargu da Dagomba da Kotokoli da Yarbawa.

'Yan uwa, ku sake karanta sunayen nan, sannan gobe da asuba ku dubi sahun farko na masallacinmu. Su ne. A cikinsu akwai ladanai, akwai mahaddata, akwai waɗanda suka ba da siminti da kwano aka rufe wannan gini. Littafin da aka kawo don ya warkar da ciwon da aka ji mana a waje, in aka karanta shi ba shiri, zai iya buɗe wani ciwon a cikin gida. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ba zai riƙe ginshiƙan nan uku ba. Jerin sunaye zai riƙe, ya kai shi filin ƙwallo ya yi wa abokinsa gori da shi. Ɗan Bahaushe kuwa, da ya ga Kano da Katsina a jerin farko, sai ya ƙara ɗaga kafaɗa, alhali kafaɗar ta riga ta yi sama fiye da kima.

Ba laifin Shehu muke gani ba, Allah Ya ji ƙansa. Mufti yana amsa tambayar zamaninsa da labarin da ya iso masa, a duniyar da ƙofar bauta take buɗe ko'ina. Yau ƙofar ta rufe da doka da alkawuran ƙasashe, Musulmi kuwa mai cika alkawari ne. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya ja kunnen malaman Malikiyya cewa hukuncin da aka gina a kan al'ada da halin zamani yana canzawa in sun canza, kuma maƙalewa kan abin da ke rubuce ba tare da duban wannan ba ɓata ne. Sai dai wa zai gaya wa ɗalibi cewa hali ya canza? Tarihi ne. Shi zai gaya masa cewa tun wajajen 1700, ƙasa da shekara ɗari bayan fatawar, sarkin Dagomba Na Zangina ya karɓi Musulunci, malamai suka samu gindin zama a fadar Yendi. Shi zai gaya masa cewa Ilorin ta Yarbawa ta zama masarautar Musulunci a ƙarni na 19, kuma Sokode ta Kotokoli yau gari ne na masallatai. Jerin Shehu hoto ne na shekarar 1615, ba hatimi ba ne a goshin kowa.

Littafin Ayarin Goro

An buga wannan littafi a 1980 a maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ya bi fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja daga 1700 zuwa 1900. Marubucin bai tsaya ga takardun Turawa kaɗai ba. Ya zauna da tsofaffin fatake da jikokin madugai a ƙasar Kano ya ɗauki bakinsu, abin da ya ba littafin ƙanshin gaskiya ke nan.

Labarin da yake bayarwa namu ne. Goro a dajin Tonawa yake fitowa, masu cinsa kuwa suna can arewa, daga Sakkwato har Barno. Sarakunan Asante ba sa barin fataken arewa su gangaro cikin daji, sai aka tsayar da ciniki a Salga. Ayari yakan taso daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, wani ya bi ta Jugu, wani ta Sansanin Mango da Yendi, ana biyan kuɗin fito da garama a hanya. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana tattara kuɗi. Tafiya ce ta watanni, kuma goro ba ya son sake: sai an riƙa kwance huhu ana tsince ruɓaɓɓe ana sauya ganye, in ba haka ba jari ya narke a bayan jaki. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa sun kai dubu.

Daga nan mai karatu zai gane yadda aka yi muka zo inda muke. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salga ya karye, goro ya juya zuwa Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin sarauta ya ɓarke a Salga, mutanen zango suka watse, wasu Kete-Karachi, wasu Yeji, wasu suka gangaro kudu. Bayan Turawa sun kama Kumasi a 1896 hanya ta buɗe, zangon wannan gari ya fara cika. Daga Aboabo har Nima ta Ankara, gidaje da yawa in ka ja zaren asalinsu a wannan hanya zai ɓullo.

Wannan sani ba ado ba ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita daga Ghana. Dattawanmu suna tune da yadda aka sayar da gidaje a wulaƙance, da waɗanda aka haifa a nan aka loda a mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Har gobe ɗan zango yakan je neman katin ɗan ƙasa a tsare shi da tambayar daga ina kakansa ya zo. Yaron da ya san cewa fataucin kakanninsa a wannan ƙasa ya girmi iyakokin da Turawa suka shata, ya girmi sunan Ghana kansa, ba zai amsa wannan tambaya da sunkuyar da kai ba.

Amma wurin da littafin ya fi burge mu shi ne maganar asali. Ya nuna cewa manyan gidajen fataucin goro uku ne: Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Kambarin Barebari daga Barno tushensu yake, suka yi zama a Gummi. Agalawa da Tokarawa kuwa daga arewa suka gangaro, daga cikin Bugaje, wato mutanen da ke ƙarƙashin Abzinawa ba su da cikakken 'yanci. Suka zauna a ƙasar Kano da Katsina, suka ɗauki harshen Hausa, suka riƙe addini da fatauci, har suka zama su ne ƙashin bayan kasuwa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda shi ma ya yi fataucin goro a wannan ƙasa tamu kafin ya zama attajirin da kowa ya sani, daga gidan Agalawa ya fito.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. Hausancin da wasu ke tinƙaho da shi a zango, suna cewa mu ne 'ya'ya, wane kuwa ba a san asalinsa ba, ashe riga ce da mutane iri-iri suka saka, kuma ba ta ƙi jikin kowa ba. Littafin bai kawo aya ko hadisi ba, amma ya nuna a aikace abin da aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta karantar game da hikimar rarraba mutane kabila-kabila da kuma ma'aunin fifiko a wurin Allah.

Yana da nasa rauni, kuma ba ƙarami ba. Na farko, da Turancin jami'a aka rubuta shi, da jadawali da lissafin riba. Sai an samu masu fassara shi baki da baki a zaman karatu, kuma wasu babukan tsallake su ya fi. Na biyu, daga Kano yake hango Gwanja. Ɗan kasuwa shi ne jarumin littafin, mu mutanen wannan gefe muna zuwa ne a matsayin ƙarshen hanya. Na uku, idonsa yana kan jari da kaya, saboda haka malaman da suka biyo ayari ba su samu rabon da ya kamace su ba. Mai neman cikakken labarin Alhaji Umaru na Kete-Karachi, haifaffen Kano ɗan bafatake, wanda ya karantar a Salga ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da ajami, sai ya nema a wani wuri. Na huɗu, wanda ya fi nauyi: Salga ba kasuwar goro kaɗai ba ce, kasuwar mutane ce. Dagomba na biyan Asante haraji da bayi, mayaƙan Zabarmawa irin su Babatu suna kamo mutanen Gurunshi a shekarun 1880 ana kawowa. Littafin tattalin arziki yakan ga bawa a matsayin kaya ko ɗan dako. Ba ya tsayawa ya tambaya ko halal ne ko haram, ba ya jin kukan uwar da aka raba da ɗanta. Wannan tambaya sai malami, kuma a nan ne muke komawa ga Ahmad Baba.

Ina ciwonmu yake?

Mai magani yakan fara tambayar inda ke ciwo. A zango dukkanmu baƙaƙe ne, babu wanda zai yi wa wani gorin fata. Namu gorin da wasu kalmomi ake yinsa: bawa da ɗa, baƙo da ɗan gari, mai tsage da marar tsage, musuluncin gado da musuluncin jiya. Da su ake fasa aure bayan an kai goro. Da su ake raɗa in za a naɗa limami ko sarkin zango. Mutumin da zai yi hawaye in ya ji yadda ake wulaƙanta baƙar fata a Amurka ko a wata ƙasar Larabawa, shi ne kuma zai hana 'yarsa saurayi mai salla mai sana'a don an ce kakar kakarsa saye aka yi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Hukuncin wannan ba ɓoyayye ba ne. Abin da ya shahara a mazhabarmu shi ne ana duban addini da kuɓuta daga aibi wajen dacewar ma'aurata, ba nasaba ba. Manzon Allah (SAW) ya nuna wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu. Salimu, 'yantaccen bawan gidan Abu Huzaifa, ya limanci manyan Muhajirai kafin isowar Annabi Madina, ya kuma auri 'yar ɗan uwan Abu Huzaifa. Abu Zarri da ya gori wani mutum da uwarsa, an gaya masa cewa da sauran halin jahiliyya a tare da shi. Duk mun san waɗannan, muna jin su a mumbari shekara da shekaru. Abin da ya hana su aiki a cikinmu shi ne kowa yana ɗauka da wani ake, shi nasa asalin tsarkakakke ne tun daga Annabi Adamu. Tarihi ne yake fasa wannan ƙwai. In mutum ya ga yadda aka cakuɗa a hanyar Gwanja, wa ya auri wa, wa ya sayi wa, wa ya 'yanta wa, sai bakinsa ya yi nauyi wajen gori.

Shawararmu ga kwamiti

A ɗauki Ayarin Goro a zaman daren Lahadi, wanda kowa da kowa ke halarta. A zaɓi babukan hanya da na asalin fatake da na faɗuwar Salga, masu Turanci su shirya fassara tun kafin zama. A cike giɓinsa da bakin dattawanmu tun suna raye, don yawancin abin da suka sani ba ya cikin kowane littafi. Kowane ɗalibi ya je wurin kakansa ko kakarsa ya tambaya: daga ina gidanmu ya taso, ta wace hanya, da wace sana'a? Ya rubuta shafi ɗaya, da boko ko da ajami.

Sharaɗi ɗaya muke gindayawa, kuma ba wasa a cikinsa: kowa nasa gidan zai bincika. Ba a yarda wani ya zo da labarin asalin gidan wani ba, ba a kuma tilasta wa kowa ya karanta nasa a bainar jama'a. Tarihi ma wuƙa ce, ana yanka layya da ita, ana kuma yanka zumunci. Duk wanda ya mai da zaman nan wurin tonon asiri, a ɗaga shi.

Mi'irajus Su'ud kuwa kada a mayar da shi cikin akwati. A ba manyan ɗalibai, waɗanda suka wuce Risala suka shiga Askari ko Mukhtasar, su karanta shi da Larabcinsa a gaban malami bayan an gama na farko. A karanta shi duka, har da jerin nan na biyu, kada a tsallake don kunya. Ɗalibin da aka ɓoye wa shafi, ranar da ya gan shi a wayarsa zai daina yarda da malaminsa. A lokacin sun riga sun san Na Zangina, sun san Salga da Babatu, za su iya raba abin da yake hukunci tabbatacce da abin da yake labarin zamani. Su ne gobe za su hau mumbari, su ne kuma za a aika biko da neman aure.

Ga ɗalibanmu da suka kawo littafin Shehu, Allah Ya yi muku albarka, kun kawo alheri, kuma ba a ƙi ku ba. Haƙurin wata uku kawai muke roƙo.

Allah Ya ji ƙan Shehu Ahmad Baba da Alhaji Umaru da sauran malamanmu. Allah Ya ji ƙan iyayenmu da suka taka hanyar Gwanja, waɗanda suka zo a kan doki da waɗanda aka zo da su a ɗaure. Ya haɗa kanmu, Ya cire mana girman kai. Allah ne Mafi sani.